Kuɗin Saye da Kuɗin Riƙo: Lacca a kan Motar Fetur da Ƴar Ruwa Biyu da Motar Lantarki

 Ya ku iyayen ƙasa, da malamanmu masu daraja, da hukumomin wannan gari na Tchaké, da ƴan kasuwa da direbobi da makanikai waɗanda suka taso daga Mayahi da Tasawa da garuruwan da ke tsakani.

Mas'alar da aka ɗora mini in yi bayani a kanta ita ce wannan: idan aka jera motoci iri uku, watau motar fetur wadda muka gada muka saba da ita, da motar lantarki wadda ba ta shan mai ko ɗigo, da wadda ta haɗa biyun, aka bi sawun kowace tun daga ranar da mai ita ya ƙirga kuɗi ya karɓi makulli har ranar da ya sayar da ita ko ta zama kwarangwal a bayan gareji, wace ce a cikinsu ta fi cin dukiyar ubangidanta? La'alla wani a cikinku ya ce a zuciyarsa, ina ruwan garin da akasarin hatsinsa amalanke ke kai shi kasuwa, mutanensa kuwa babur ke kai su asibiti, da zancen motar lantarki? Amsar ita ce, mu a wannan ƙasa ba mu ƙera mota, kuma kaɗan ne ƙwarai a cikinmu ke sayen sabuwa. Abin da Turai da Amurka da Asiya suka hau suka gaji, shi ne jirgin ruwa ke sauke mana bayan shekara goma ko goma sha biyar. To, a shekarar 2024, cikin kowace sabuwar mota 100 da aka sayar a ƙasar Norwe, kimanin 89 na lantarki ne zalla, a ƙasar Sin kuwa wajen rabin sababbin motoci ana cajinsu da wuta. Abin da suka saya sabo yau, shi ne dillali zai tallata mana gobe, ko mun nema ko ba mu nema ba, saboda haka ya fi kyau ranar ta same mu da alƙalami a hannu.

Sai mu fara da sanin su wane ne ake hukunci a tsakaninsu. Motar fetur, da ƴar'uwarta mai shan gazuwal, ba ta bukatar gabatarwa. Abin da ya kamata a sani game da ita kurum shi ne, ƙarfin da ke cikin man da aka zuba mata bai wuce kashi 30 cikin 100 da ke isa ga taya ba, saura duk zafi ne da ke fita ta salansa da ruwan inji, watau dai mafi yawan abin da mai mota ya biya a gidan mai iska ya ɗumama da shi. Motar lantarki ba ta da wannan inji sam; babban batir ne shimfiɗe a ƙarƙashinta, da na'urar da ke juya taya, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na wutar da ta sha kan koma tafiya. Ta ukun, wadda zan riƙa kira ƴar ruwa biyu, tana da injin fetur tana kuma da ƙaramin batir wanda ita da kanta ke cika shi, musamman sa'ad da direba ya taka birki, domin ƙarfin da a wata mota zai ƙone a banza ita sai ta tattara shi ta ajiye, ta tashi da shi in an ɗaga ƙafa. Kamfanin Toyota ne ya fara fitar da irinta da yawa, da sunan Prius, a Japan a 1997, ba kuwa ta neman a jona ta da wutar gida.

Duk manomin da ya taɓa sayen san amalanke ya riga ya san tushen wannan hisabi, ko da bai taɓa shiga aji ba. Ya san kuɗin da ya miƙa a kara ranar kasuwa somin-taɓi ne, domin akwai harawa da dusa cikin bazara sa'ad da daji ya bushe, akwai allurar malamin dabbobi, akwai ranakun da san zai kwanta ciwo aiki ya tsaya, sa'an nan a ƙarshe akwai abin da mahauci ko baƙon ɗan kasuwa zai bayar in an tashi rabuwa da shi. Mota ma haka take, sai dai bambanci guda mai ɗaci: sa, in ya sami kiwo, yakan fi kuɗin sayensa ranar sayarwa, mota kuwa tun daga ranar da ta shigo gida darajarta ke zagwanyewa. Wanda ya dubi kuɗin saye kaɗai ya yanke hukunci, ya saurari shaida ɗaya ne ya sallami saura.

Mu ɗauki ƙofar mai, da yake ita ce kowa ke jin zafinta kullum. A watan Yulin 2024 gwamnati ta mayar da litar fetur daga sefa 540 zuwa 499, ta gazuwal kuma daga 668 zuwa 618. Domin sauƙin lissafi mu ce dala ɗari, watau sefa 500. In farashi ya motsa, kowa ya musanya adadin da na ranarsa, hanyar lissafin ba ta canjawa. Mu ƙaddara ƙaramar motar fetur mai ɗan shekaru tana shan lita 8 a kilomita 100, wanda ya kama jaka 4, watau sefa 4,000. Ƴar ruwa biyu mai girmanta, in tana da lafiya, takan wadatu da wajen lita 5, watau jaka 2 da rabi. Motar lantarki kuwa takan ci tsakanin kilowat 15 zuwa 20 na irin awon da mitar NIGELEC ke ƙirgawa, mu ce 20 saboda abin da ke ɓacewa wajen caji da abin da na'urar sanyi ke sha. In muka ƙaddara kowane kilowat a kan sefa 100, ya zama jaka 2 ke nan. A nan hujja tana hannun motar lantarki a fili, rabin kuɗin ƴar fetur take ci, kuma da a ce a wannan ƙofa ake rufe littafi, da na nemi izninku na zauna.

Amma fa wannan rangwame ba a karɓarsa dunƙule. Kilomita bayan kilomita ake tsintarsa, saboda haka yawansa ya rataya ne a kan yawan tafiyar mai mota. A ɗauki mutum biyu. Na farko ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa wanda motarsa ta fi yawan kwana a inuwa, sai zuwa Mayahi da Maraɗi da gaisuwar biki ko ta'aziyya, ya yi kilomita 10,000 a shekara. A shekara goma zai zuba wa motar fetur man miliyan 4, ƴar ruwa biyu miliyan 2 da rabi, ta lantarki kuwa wutar miliyan 2. Na biyu direban haya ne wanda ke kai da kawowa tsakanin Maraɗi da Tasawa da Damagaram a kan kwalta, ya yi kilomita 40,000 a shekara. Shi a shekara goma man fetur zai cinye masa miliyan 16, ƴar ruwa biyu miliyan 10, ta lantarki miliyan 8. Mota ɗaya ce, farashin mai ɗaya ne, amma abin da na farko zai tsira da shi miliyan 2 ne, na biyu kuwa miliyan 8. Wanda duk ya ce muku motar lantarki ta fi araha, ko ya ce ta fi tsada, ba tare da ya tambaye ku nisan tafiyarku a shekara ba, to, fatawa ya bayar tun bai ji tambaya ba.

Akwai kuma wani abu da masu kawo mana lissafin Turai ɗanye ke mantawa. A Faransa litar fetur ta ninka tamu fiye da sau biyu, galibi saboda haraji, wuta kuwa ta shiga kowane gida. A Norwe ruwa ne ke ba su lantarki, hukuma kuma ta yi shekaru tana yafe wa motar lantarki harajin da take ɗora wa ta fetur. Mu namu al'amarin a juye yake. Tun da aka buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram a ƙarshen 2011, wadda ke tace ganga 20,000 a rana daga rijiyoyin Agadem, muna cikin masu shan mai da rangwame a wannan yanki, alhali wutar lantarki ba ta kai ga fiye da kimanin mutum ɗaya cikin biyar na ƴan ƙasa ba, a karkara kuwa abin ya fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba. Inda mai ke da tsada wuta ke da yalwa, motar lantarki takan biya bashinta da wuri. Inda mai ke da sauƙi wuta ke da wuya, biyan yakan yi jinkiri. Habasha, wadda ta hana shigo da ƙananan motocin fetur tun farkon 2024, ta yi haka ne domin ba ta haƙo mai, kuɗin waje take ƙonawa wajen sayensa, ga kuma babban dam da ta gina a kan kogin Nilu. Hukuncinta ya dace da halinta, ba kuwa a yin ƙiyasi sai illa ta zama ɗaya.

Yanzu sai mu tambaya, wutar da muka yi wa kuɗi sefa 100, daga ina za ta fito? Wutar da Maraɗi da Damagaram ke sha, babban rabonta ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa take zuwa, kuma ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, sa'ad da Nijeriya ta yanke ta bisa takunkumin CEDEAO, ba ta dawo ba sai cikin watan Maris na 2024. Wanda ya sayi motar lantarki a wancan zamani da niyyar cajinta da janareta, to, ga abin da zai tarar: ƙaramin janareta mai shan fetur da ƙyar yake ba da kilowat 2 a kowace lita, saboda haka kilowat 20 ɗin nan sai sun ci masa lita 10, watau jaka 5, alhali motar fetur da ya guda jaka 4 take nema. Ya biya tsadar motar lantarki, ya koma yana shan man da ya fi na da, ya ƙara da ƙarar inji a tsakar gida.

Adalci kuwa ya wajabta mini in faɗi cewa shi ma fetur ba amintaccen aboki ba ne. Shekara da shekaru ƴan ruwa-ruwa na sayar mana da man Nijeriya a kwalba ƙasa da farashin gidan mai, har muka ɗauka haka duniya za ta dawwama. Ranar 29 ga Mayun 2023 shugaba Tinubu ya janye tallafi, rijiyar ta ƙafe, nauyin ƙasa duka ya komo kan matata guda, har a watan Maris na 2025 aka ga dogayen layuka a gidajen mai. Mai mota a Tchaké, wanda sau da yawa a kwalba yake saye, ya san farashin hukuma da farashin bakin hanya ba kullum suke gaisawa ba.

Abin da Allah Ya hore mana ba tare da awo ba shi ne rana, kuma a nan ne nake ganin motar lantarki za ta sami gindin zama in za ta samu. A irin hasken ƙasarmu, farantan sola masu ƙarfin kilowat ɗaya kan tara wajen kilowat 5 a wuni. Mai son yin kilomita 100 kowace rana yana bukatar ninki huɗu na wannan, watau kimanin faranti goma na masu wat 400, tare da na'urar da ke daidaita wutar. Farantan sukan yi shekara ashirin da ɗoriya suna aiki in ana share musu ƙura, kuma ba takunkumin da ke iya tare su. Sai dai da sharaɗi: rana da rana take fitowa, mota ma da rana take aiki. Motar da ke ajiye a ƙofar ofis ko asibiti daga hantsi zuwa la'asar za ta sha ta ƙoshi. Motar haya kuwa, wadda ba ta dawowa sai bayan isha'i, sai an saya mata wani batir na biyu da zai tara mata wutar, shi kuma kuɗinsa dole ya shiga cikin hisabi. Wannan ba mafarki ba ne, domin a Sakkwato, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, an buɗe tashar cajin mota da hasken rana tun 2021, a zamanin da Jelani Aliyu, basakkwacen da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, ke shugabantar hukumar ƙera motoci ta Nijeriya.

Ƙofar gyara ba zan daɗe a kanta ba ta fuskar da kowa ya yarda da ita. Motar lantarki ba ta da juyen baƙin mai, ba buji, ba matatar mai, ba salansa, birkinta ma yakan daɗe. Wanda ke juye a kowace kilomita 5,000, in mun ƙaddara masa jaka 15 a kowane juye, direban hayarmu ya huta da jaka 120 a shekara tun ba a zo ga sauran tarkacen inji ba. Ƴar ruwa biyu ba ta sami wannan hutu ba, da yake injinta na nan da dukkan bukatunsa. Taya kuwa motar lantarki ta fi ci, saboda nauyin batir.

Inda nake so mu zauna mu natsu shi ne batir, domin shi ne ran motar, shi ne kuma mafi tsadar abin da ke jikinta. Gaskiya ne farashinsa ya faɗi faɗuwa mai ban mamaki, daga sama da dalar Amurka 1,000 a kowane kilowat a 2010 zuwa wajen 115 a 2024. Duk da haka, batir matsakaici mai kilowat 40 ya tasam ma dalar Amurka 4,600, watau sama da sefa miliyan 2 da rabi, tun a bakin masana'anta, ba a sa kuɗin jirgi da na duwan da ladan mai ɗaurawa ba. Ku tuna ma'aikacin nan namu miliyan 2 ya tara a shekara goma. Batir guda ya share ta, ya bi shi bashi. Kamfanoni sukan ɗauki lamunin batir na shekara 8 ko kilomita 160,000, wanda duk ya riga zuwa, to amma motar da za ta iso Maraɗi galibi ta riga ta cinye wannan wa'adi a hannun ubangidanta na fari. Wanda ya saye ta sabuwa ya sha romon, wanda ya saye ta tsohuwa shi ke jiran ranar biyan diyya.

Ga kuma zafi. Batirin lithium ya fi son yanayin da ɗan Adam ke jin daɗinsa, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu ma'auni kan haura 40 a inuwa. Nissan Leaf, wadda ta fito a 2010 kuma tana cikin tsofaffin motocin lantarki mafi araha a kasuwar gwanjo, ba a yi wa batirinta hanyar sanyaya da ruwa ba, kuma tun 2012 masu ita a jihar Arizona ta Amurka, ƙasa mai zafi irin tamu, suka yi kukan batirinsu na raguwa da wuri. Sababbin motoci, musamman na kamfanonin Sin irin su BYD, suna zuwa da batir mai haɗin ƙarfe da fosfat wanda ya fi jure zafi, da kuma na'urar sanyaya shi, saboda haka ba daidai ba ne a yi musu kuɗin goro. Ƴar ruwa biyu nata batirin ƙarami ne, bai kai kilowat 2 ba, sauya shi bai kama ƙafar wancan ba. Sai dai fankar da ke sanyaya shi daga cikin mota take jan iska, kuma ƙurar hunturu kan toshe ta a hankali, batir ya dahu mai mota bai sani ba. Share wannan fanka aikin ɗan lokaci ne, rashin saninsa kuwa ya kashe batir da yawa.

A nan ina neman malamanmu su ba ni aron kunnensu, domin mas'alar ta shiga babin ciniki. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ɗalibi ke tararwa tun a Risala, sun hana cinikin garari, watau sayen abin da ba a san haƙiƙaninsa ba, sun kuma ba mai saye zaɓin mayar da haja in aibin da aka ɓoye ya bayyana. Tsohuwar motar fetur, ƙwararren bakanike yakan tashe ta, ya kasa kunne, ya dubi hayaƙi, ya shinshina mai, ya gaya maka abin da ke cikinta. Batir ba ya tari, ba ya hayaƙi. Wanda ya rage rabin rai da wanda yake cikakke kamarsu ɗaya a ido. Akwai na'urar da ake jonawa ta karanta lafiyarsa a cikin mintoci, kuma a ganina sayen tsohuwar motar lantarki ko ƴar ruwa biyu ba tare da wannan awo ba ya yi kusa da garari ƙwarai. Hukuncin na malamai ne, ni dai na kawo musu surar mas'alar.

Akwai wata hasara wadda ba ta da rasit, ita ce ranakun da mota ke kwance. Dalilin da ya sa Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, ta mallaki hanyoyinmu a zamaninta, sa'an nan Toyota ta gaje ta da Hilux da Hiace da Corolla, bai tsaya ga ƙarfin ƙarfe ba. Kowane gareji ya san cikinsu, kuma abin da ya lalace da safe akan samo shi a Maraɗi kafin magariba, in ya faskara a aika Katsina ko Kano ta Ɗan Isa da Jibiya. Motar da ba mai iya buɗe ta sai a Yamai, kilomita fiye da 600 daga Maraɗi, wadda kayan gyaranta sai an yi odarsu daga ƙetare, musamman bayan rufe iyakar Benin a 2023 da ya sa kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, in ta tsaya wata guda ta cinye ribar watanni. Ga direban haya kowace rana ta zaman banza cefanen gida ne ya tafi. Ina kuma gargaɗin ƴaƴanmu makanikai da babbar murya: batirin Prius ya haura bolt 200, na motar lantarki kuwa wajen 400, kuma wayoyin da aka yi wa launin ruwan lemo ba a taɓa su da ilmin ƙaramin batir mai bolt 12. Wannan ganganci ajali ne.

Wannan rashin masu gyara shi ke karya darajar motar lantarki ranar sayarwa, domin mai saye na biyu ma lissafin da muke yi yanzu shi zai yi. Hilux mai shekara goma sha biyar, in an kai ta kasuwa, kafin azahar ta sami mai taya. Tsohuwar motar lantarki mai gajiyayyen batir sai an yi dace. Haka kuma ƙarin kuɗin da aka biya ranar saye fiye da na motar fetur ba matacce ba ne da a ce ya zauna a hannu: miliyan 2 ko 3 da aka sa a wake ko riɗi lokacin kaka, ko aka turke raguna da su domin layya, da sun haifi riba ta halal shekara bayan shekara. Wanda kuwa zai ci bashi mai ruwa domin ya cike gibin, ya haɗa wa kansa hasarar lissafi da nauyin riba wadda shari'a ta haramta.

Sa'an nan ga hanya. Duk adadin da na kawo na kwalta ne. Daga inda kwalta ta ƙare rairayi ya fara, kowace mota shanta ƙaruwa yake, fa'idar ƴar ruwa biyu kuma raguwa take, da yake ribarta a tsaye-tsayen cikin gari take, inda ake yawan taka birki. Akasarin motocin lantarki da ƴan ruwa biyu da ke cikin kasuwar gwanjo gajeru ne, an ƙera su domin titunan birni, cikinsu na kusa da ƙasa. Ba su aka yi wa lodin buhunan gero da fasinja a sama ranar kasuwa ba, ba su kuma aka yi wa tsallaka Gulbin Kaba da damina ba. Motar fetur in mai ya ƙare mata a daji, yaro a kan babur ya kawo galan; motar lantarki in ta mutu a daji sai igiya.

To, tun da an gayyace ni ne domin in faɗi ra'ayi, ba zan ɓoye shi ba. Mai ɗaukar kaya da mutane tsakanin ƙauyukan Tchaké da Isawan da Kanambakashe, a yau motar fetur ko gazuwal mai tsayin ƙafa ita ce mafi sauƙi gare shi in an haɗa hisabi duka, kuma wanda ya ce masa ya sauya yanzu bai yi masa nasiha ba. Wanda tafiyarsa kaɗan ce, shi ma ya riƙe ƙaramar motar fetur mai lafiya, domin ba zai yi nisan da zai fanshi tsadar sauran ba. Mai taksi a cikin Maraɗi, da mai yawan zirga-zirga a kan kwalta, ƴar ruwa biyu ta cancanci ya dube ta da idon basira, da sharaɗin an auna batirinta a gabansa. Motar lantarki kuwa, waɗanda ya kamata su fara gwada ta su ne ma'aikatu da asibitoci da ƙungiyoyi masu farantan sola a kan rufi, masu tafiya sananniya, masu iya sayen sabuwa da lamuninta.

Zatona ma shi ne lantarki ba a kan taya huɗu zai fara shigo mana ba. Babur na fetur kan sha wajen lita 3 a kilomita 100, watau jaka ɗaya da rabi, na lantarki kuwa wajen kilowat 4, abin da bai kai dala ɗari ba a lissafinmu. Batirinsa mutum ɗaya na iya ɗauka, faranti biyu ko uku sun ishe shi, kuma a Kwatano da Lome da Kigali ƴan kabu-kabu sun riga sun saba da ajiye wanda ya ƙare su ɗauki cikakke su wuce. Ɗan kabu-kabu da mai adaidaita su ne masu yawan kilomita da ƙarancin jari, watau su ne lissafin ya fi yi wa rana.

Roƙona ga shugabannin direbobi shi ne kowane mai mota ya ajiye ɗan littafi a aljihun motarsa, ya riƙa rubuta adadin kilomita, da man da ya sha, da abin da ya ba bakanike, da ranakun da ta kwanta, har shekara ta zagayo, domin da wannan littafi ne kaɗai zai iya zama da dillali su yi magana ta hujja. Roƙona ga hukumomi da iyayen gareji kuwa, a zaɓi samari ko da biyu ne daga Mayahi, biyu daga Tasawa, masu ɗan karatu da natsuwa, a tura su koyon aikin batir da na'urar awonsa tun yanzu, kafin motocin su iso su tarar ba mai karɓarsu.